'Yan cin ranin ƙasar ƙanƙara, da abin da ya faru da Bagauda

1/ Zare ne mai ɗan tsawo, ku gyara zama 🧵

Duk ƙarshen shekara sai hotunan nan su cika mana shafi: iyali a ƙasar waje, an sha rigunan sanyi, yara na zamiya a kan dusar ƙanƙara, an rubuta "hutunmu na farko". A ƙasa kuma sharhi ɗaya ne: "Turawa sun iya jin daɗi, mu dai wahala muka gada."

2/ Ni ɗalibin tarihi ne, aji uku, ɗan wani ƙauye a ƙasar Dambatta. Abin da nake so in nuna muku shi ne, mutanen da ke zaune a kan waɗancan tsaunuka, shekara 150 da suka wuce 'yan cin rani ne kamar kakannina. Yadda aka yi ranin nasu ya koma kuɗi, da yadda Kano ta gwada nata, shi za mu bi.

3/ Mu fara da gida. In ka wuce Dawanau, ko ka miƙe Bichi ko ka bi hanyar Dambatta zuwa Kazaure, ba za ka ga daji ba. Gona na bin gona, gida na hango gida, sai gawo da kuka da tsamiya a tsakani. Mutane sun yi yawa, ba a barin gona ta huta ta zama saura.

4/ Wani masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, ya fara nazarin ƙauyukan da ke kewaye da Kano tun shekarun 1960. Bincikensa ya nuna ana noma gona ɗaya duk shekara amma ƙasar ba ta mutu ba, saboda taki. Jakuna su kai itace birni, su dawo da mangala cike da shara da toka. Kashin awaki ma ba a yar da shi.

5/ Matsalar ita ce damina wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba. Gero, dawa, wake, gyaɗa. In an gama kaka an zuba a rumbu, sai maigida ya zauna lissafi: ga dami kaza, ga baki kaza, shin zai kai mu shuka? In ba zai kai ba, dole wasu bakunan su bar gida.

6/ Asalin cin rani kenan. Ka je ka ci abincin wani gari don na gida ya kai. Ga-ruwa, dako, aikin gini, gyaran takalma, yankan farce. Malamai su ɗebi almajirai su yi gabas. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tafiyar ta ƙara nisa: haƙar kuza a Jos, Ikko, har Gwanja.

7/ Har gobe haka ne. A ƙauyenmu, in Disamba ta yi, majalisar samari tsit take yi. Yayana yana Fatakwal, abokan da muka yi firamare tare suna Abuja da Legas, wannan acaɓa, wancan shayi, wani gadi. Sai hadarin farko ya haɗo su fara dawowa.

To ku riƙe wannan hoton, mu tsallaka teku.

8/ Tsaunukan Alps sun ratsa Faransa, Suwizalan, Italiya da Ostiriya. A ƙarni na 19 ƙauyukan da ke can sama suna cikin mafi talauci a Turai. Lissafinsu irin namu ne, yanayi ne kawai ya juya: lokacin noma gajere, sannan ƙanƙara ta rufe gona da hanya wata shida ko bakwai.

9/ A wasu ƙauyukan Savoie da Queyras na Faransa, ɗaki ɗaya iyali ke kwana da shanunsu a lokacin sanyi, don ɗumin jikin dabba ya rage musu ƙona itace. A ƙauyen Villar-d'Arêne sau ɗaya ake gasa burodi a shekara, a watan Nuwamba, a ajiye shi ya bushe ƙamas a yi ta ci har shekara ta zagayo.

10/ Su ma sai maza su fita. Yaran Savoie su gangara Paris da sauran birane suna share bututun hayaƙi na gidajen masu kuɗi, saboda ƙaramin yaro ne ke iya kutsawa ciki. Yaran Ticino na Suwizalan su tafi Milan wannan aikin. Mutanen Oisans su goya kayan koli suna talla gari-gari. In ƙanƙara ta narke kowa ya dawo gona.

11/ Wanda ya fi ba ni mamaki: a yankin Briançon akwai manoman da ke fita koyarwa a lokacin sanyi. Su tsaya a kasuwa da gashin tsuntsu a jikin hula, yawan gashin ke nuna darussan da mutum ya iya, wani ƙauye ya ɗauke shi haya. Malami ya tafi cin rani kenan, kun ga ba mu kaɗai ba ne.

12/ A wancan lokacin babu mai hankalin da zai biya kuɗi ya je tsauni da sanyi. Attajiran Ingila kan je ne da bazararsu, su sha iska su koma. Labarin da ake bayarwa shi ne, a 1864 wani mai otal a St. Moritz, Johannes Badrutt, ya ce wa baƙinsa Ingilishi: ku dawo da hunturu, in ba ku ji daɗi ba ni zan biya kuɗin tafiyarku.

13/ Suka dawo, suka tarar da rana tana haskawa a kan ƙanƙara, saɓanin hazo da damshin Landan. Suka zauna har sanyi ya wuce. Daga nan ake ƙirga farkon yawon buɗe ido na hunturu a Alps. Otal ɗin da ke rufe rabin shekara ya samu kasuwa ta biyu.

14/ Su kuwa katakan zamiyar, daga Norwe suka zo. A can kayan aiki ne, kamar yadda jaki yake a wurinmu: manomi ya ɗaura su ya je ɗebo itace ko farauta. Da Fridtjof Nansen ya ratsa tsibirin Girinlan a kansu a 1888, labarin ya zaga Turai, samari suka fara kwaikwayo a matsayin wasa.

15/ Amma fa wasan manya ne. A 1924 aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a Chamonix, kuma har lokacin masu zuwa hutu 'yan boko ne da masu dukiya. Ɗan ƙauye shi ne mai ɗaukar kaya, mai share hanya, mai jan keken doki. Ma'aikacin masana'anta kuwa ko a mafarki.

16/ Abin da ya fara canza lissafin doka ce. A watan Yunin 1936, bayan wani gagarumin yajin aiki, gwamnatin Léon Blum a Faransa ta kafa dokar hutun mako biyu a shekara ga duk ma'aikaci, kuma albashinsa na tafiya. Kafin nan, ga yawancin leburori, ranar da ba ka yi aiki ba ranar ba kuɗi.

17/ A shekarar kuma aka fito da tikitin jirgin ƙasa na masu tafiya hutu, da ragin kashi 40 cikin ɗari. Hutun ya ƙaru zuwa mako uku a 1956, huɗu a 1969, biyar a 1982. Da ya yi yawa haka ne iyali suka iya raba shi: wani a bakin teku da zafi, mako guda a tsauni da sanyi.

18/ Sai maganar wurin kwana. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙauyukan tsauni sun fara zama kufai, matasa sun daina dawowa daga birni. Hukumomi suka shiga da kansu. A 1946 majalisar yankin Savoie ta fara gina Courchevel da niyyar talaka ma ya samu zuwa. A 1961 ƙananan garuruwan da noma da haƙar ma'adinai suka mutu musu suka haɗu suka kafa La Plagne.

19/ Daga 1964 zuwa 1977 gwamnatin Faransa ta yi wani shiri na musamman na gina sababbin garuruwan zamiya. Dogayen benaye, ƙananan ɗakuna, gado kan gado, ɗan wurin girki a lungu don iyali su dafa da kansu. Ba su da kyan gani sosai, amma su ne suka sa malamin makaranta ya iya kai 'ya'yansa.

20/ Akwai kuma dabarar da na fi so. A 1953 aka kwashi aji guda na 'yan firamare daga Vanves, kusa da Paris, aka kai su tsauni na wasu makonni: karatu da safe, zamiya da rana. Abin ya bazu a makarantun ƙasar. Yaron da ya je da kuɗin tallafi, shi ne ya girma ya kai nasa iyalin da kuɗinsa.

21/ Ostiriya ta bi wata hanyar. A yankin Tirol manoma da yawa ɗakunan gidajensu suka gyara suna ba baƙi haya, doka ta yarda har gado goma ba tare da an ɗauke ka mai otal ba. Uwargida ta yi karin kumallo, maigida ya yi aiki a injin da ke hawa da mutane tsauni, ɗa ya koyar da zamiya. Kuɗin ya tsaya a ƙauye.

22/ Kada ku ɗauka abin ya zo ba hawaye. A 1952 aka tashi mutanen ƙauyen Tignes da ƙarfin jami'an tsaro, aka cika madatsar ruwa a kan gidajensu da cocinsu don samar da lantarki. Garin zamiyar da ake kira Tignes yau daga baya aka gina shi can sama. Ku riƙe wannan, za mu haɗu da irinsa a gida.

23/ Kuma har yau ba kowa ke zuwa ba. A Faransa kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke tafiya zamiya a shekara. Courchevel da aka gina don talaka yanzu matattarar hamshaƙai ce. Masu neman araha sun koma irin su Bansko a Bulgeriya. Hoton da kuke gani a waya ba rayuwar kowane Bature ba ce.

24/ In na taƙaita, hutun iyali mai araha kamar murhu ne, duwatsu uku ke riƙe da tukunyar: lokacin hutu da ba ya cinye abincin gida, abin hawa mai sauƙin kuɗi, da wurin kwana daidai aljihu. Cire ɗaya tukunya ta kife. Yanzu mu dawo Najeriya da wannan ma'aunin.

25/ Hutun hawa tsauni Turawan mulki ne suka kawo shi nan, kuma don kansu. Jos ce wurin shan iskarsu, saboda tudun ya haura mita 1,200 kuma akwai sanyi. Nan otal ɗin Hill Station yake. Obudu a Kuros Riba ta fara ne a 1951 a matsayin gonar kiwon shanu, daga baya ta zama wurin shaƙatawa.

26/ Kano ba ta da irin wannan tsauni, sai ta nemi nata a bakin ruwa. An ƙirƙiri jihar a 1967, aka ba Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, ya riƙe ta har 1975. Tambayar da ya tarar ita ce dai ta kakana: me za a yi da wata takwas na rani? Farin 1973 ya ƙara nuna girman tambayar.

27/ Amsarsa ita ce a tare ruwan damina. Aka fara da dam ɗin Bagauda, sannan Tiga daga 1971 zuwa 1974, wanda ke iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Aikin ya ci gaba har bayansa, ya iso arewacin jihar: Thomas a wajenmu, Gari, Watari a Bagwai, Jakara a Minjibir.

28/ Bai tsaya a noma ba. Ya yi tunanin mutane za su so zuwa bakin ruwa su huta, sai aka gina otal na Bagauda Lake da Rock Castle a kan dutse a Tiga, duka a ƙasar Bebeji, ga kuma gidan zu a cikin birni. A tunanin lokacin, wannan hangen nesa ne sosai.

29/ Wani kawuna da ya yi aikin gwamnati a shekarun 1970 yakan ce, in aka tura ka taro Bagauda ji kake kamar an kai ka ƙasar waje. Na tambaye shi ko ya taɓa kai iyalinsa. Ya yi dariya ya ce, "Da wane kuɗin, ɗana? Gwamnati ce ke biya." A wannan amsar tasa na ga inda matsalar take.

30/ Kuɗin mai ne ke riƙe da wurin: taruka, manyan ma'aikata, baƙin gwamnati. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, baƙin suka ɗauke ƙafa. A Agustan 1988 dam ɗin Bagauda ya ɓalle bayan mamakon ruwa. Yau harabar otal ɗin makarantar horas da lauyoyi ce.

31/ Mu auna da murhun nan. Wurin kwana an gina, amma farashinsa na manya ne. Abin hawa mai rangwame don masu hutu, babu. Lokaci kuwa, dokar ƙwadago ta Najeriya kwana shida kacal ta wajabta a shekara, kuma wannan ga mai albashi ne. Manomi a Makoɗa ko Kunchi wa zai biya shi hutu? Dutse ɗaya aka kafa aka ɗora tukunya.

32/ Amma dam ɗin ya yi aiki, saboda shi ya amsa tambayar manomi kai tsaye. Ku je Kadawa, Kura, Bunkure da rani ku ga shinkafa da alkama kore shar. Ku tsaya Kwanar Gafan ku ƙirga motocin tumatir masu tafiya kudu. A wajenmu ma, gidan da ke da fili kusa da ruwan Thomas, samarinsa ba su cika tafiya Legas ba.

33/ Shi ma da nasa hawayen. Tiga ta tashi dubban mutane daga gidajensu da gonakinsu, kamar Tignes. Can ƙasa kuma, a fadamun Haɗeja da Nguru, ambaliyar da masunta da manoma ke dogaro da ita duk shekara ta ragu. Duk wanda zai ba ku labarin dam bai ambaci waɗannan ba, rabin labari ya ba ku.

34/ Kuma kar wani ya ce Bahaushe bai san hutu ba. Bayan kaka ake bukukuwan aure, a yi dambe da kokawa, mata su tafi ganin gida su yi mako, yara su bi kaka zuwa wani gari. Ba ma buƙatar otal saboda ɗakin baƙo yana gidan ɗan'uwa. Zumunci ne ya riƙe mana dutse na uku tun fil azal.

35/ Fitarmu ta farko a matsayin iyali don kallo kawai, ba biki ba gaisuwar mutuwa, ina ɗan shekara tara. Washegarin ƙaramar Sallah baba da ƙaninsa suka haɗa kuɗi suka ɗauki shatar bas, mu goma sha huɗu, da kular shinkafa da wake, zuwa gidan zu. Innarmu har yau tana ba da labarin giwar nan.

36/ Abin da na lura da shi daga baya shi ne layin da muka tarar a ƙofa. Duk irinmu ne, mutanen karkara da na unguwannin talakawa, kowa da yaransa cikin kayan Sallah. Gidan zu ya rayu saboda kuɗin shiga kaɗan ne, mota na zuwa har ƙofa, kuma a wuni ɗaya ka je ka dawo. Masu son fita suna nan, farashi ne ke tace su.

37/ Su ma can ba a gama ba. Ɗumamar yanayi na cinye ƙanƙarar wuraren da ba su da tsayi sosai, wasu sun rufe, wasu da inji suke feso ta. A Fabrairun 2024 kotun binciken kuɗin gwamnati ta Faransa ta fitar da rahoto cewa tsarin ya fara gajiya. Ƙauyen da ya jingina da abu ɗaya, ko ƙanƙara ko damina, yana cikin haɗari.

38/ Shi ya sa duk lokacin da na ji an ce za a farfaɗo da yawon buɗe ido a Tiga ko Thomas ko Watari, ba hoton ginin nake son gani ba tukuna. Tambayoyina su ne: nawa ne kuɗin mota daga tasha? Iyali mai mutum takwas za su iya kwana? Wa zai sayar da abinci da kifi, 'yan garin ko ɗan kwangila? Hanya lafiya?

39/ Da ni ake tambaya, da makaranta zan fara, kamar na Vanves. Kowane ɗan aji shida a firamaren gwamnati a kai shi bakin dam sau ɗaya kafin ya gama, ya ga inda ruwan tumatir ke fitowa, a gaya masa waɗanda aka tasa don a gina shi. Kuɗin bas ne da abincin rana. Yawancin 'yan ajinmu ba su taɓa ganin Tiga ba.

40/ A nan zan tsaya, gobe ina da lakca ƙarfe takwas 😅

Ku gaya min a ƙasa: ina ne wuri na farko da aka taɓa kai ku a gidanku don kallo kawai, kuma wa ya biya? In akwai wanda iyayensa suka yi aiki a Bagauda, ko aka tashe su a Tiga, don Allah ya tambayo mana su tun suna raye. Allah Ya dawo mana da 'yan cin rani lafiya.